Kwalba a Bakin Taga

Shekara arba'in ina tsaron tafkunan kifi
a kudancin Bohemiya, inda kakana ya tsufa cikin laka.
Abokin gabata ɗaya ne, ba ƙaho, ba haƙori:
gansakuka, kore shar, shimfiɗe a fuskar ruwa.

In Agusta ya yi nauyi, iska ta ɗauke ɗif,
sai ta yi kauri kamar kunun da ya kwana.
Cikin dare ta shanye numfashin tafki,
da asuba in tarar da kifaye rigingine,
farin ciki a sama,
ba na murna ba, na mutuwa.

Ni da manjagara, ni da tsinuwa,
na kwashe ta har bayana ya ranƙwafa,
kwana uku ta dawo ba ko gaisuwa.

Sai ga 'yata Zdislava daga karatu a Brno,
da tabarau, da wata kwalba a naɗe cikin gyale
kamar jaririn da ake tsoron ya sha sanyi.
Ta kwance. Na leƙa.
Ita ce dai, ta bi ni har ɗaki.
"Baba," in ji ta, "ka yi mata barka da zuwa."

Bayan masana'antar bulo ta jera kwamaye,
a karkace, suna kallon kudu,
zurfinsu bai kai yatsa ba.
Ta jawo hayaƙi daga dogon bututu,
ta tace shi, ta huce shi, ta tura shi ƙarƙashi.
Ƙananan kumfa suka hau, ɓul-ɓul-ɓul,
koren nan yana lashe su ɗaya bayan ɗaya,
rana na tura masa wuta, shi yana ta ƙaruwa.

Ta ce kilo guda in ya bushe
ya haɗiyi kusan biyu na iskar kabon.
Na ce to a ba kifi ya ci, a huta.
Ta yi dariya irin ta marigayiya uwarta:
"Kifi ya ci, kai ka ci kifi, ka yi numfashi,
ta koma sama inda ta fito.
Bashin bai biyu ba, hannu kawai ya sauya."
Don haka take gasa ta a rufe har ta zama gawayi,
Bohumir ya binne a gonar dankalinsa,
yana gunaguni, yana kuma ƙara kawo buhuwa.

Ranar awo, farkon Nuwamba, ina wurin.
Buhu goma sha tara, aikin bazara guda.
Na dubi sikeli, na ɗaga kai na dubi bututu.
Abin da ta tara wata shida
shi yakan amayar kafin ma'aikata su ci na rana.
Ban ce komai ba.
Ita ta ce, "Na sani.
Har wutar famfo na cire a lissafi."
Ta lashi fensir, ta rubuta adadin yadda yake,
ba ragi, ba ƙarawa.

Yanzu ƙanƙara ta rufe kwamaye.
Tagar ɗakinta arewa take kallo,
sai aka bar min kwalbar iri a tawa,
tsakanin gishiri da hoton matata.
Kowace safiya in girgiza ta, in juya ta wajen haske.
Jiya, da na ga ba kowa,
na sa tsinken shan lemo, na hura mata
numfashin tsoho mai tari da warin taba.
Ta karɓa. Ba ta tambayi tarihinmu ba.

Ban yafe mata kifayen bara waccan ba,
ɗari huɗu, ni na ƙirga su a kan ciyawa.
Amma dare ya yi, sanyi na shigowa ta tsaga,
bari in matsar da ita kusa da murhu,
kada ta daskare kafin Zdislava ta samu zuwa.